Darasi na 14: Waya da Renon Yara a Kafanchan

Gabatarwa

Ɗalibai, a wannan darasi za mu dubi wani abu da kusan kowannenku ya taɓa gani a gida, wataƙila ma ya taɓa aikatawa. Ƙaramin yaro yana kuka, babba yana da aiki a gabansa, sai a miƙa wa yaron waya a ce, "Ungo, yi shiru." Ku karanta bayanin da ke biye sau biyu. Karo na farko ku karanta a zuci, kada ku tsaya neman ma'anar kowace kalma. Karo na biyu ku karanta da murya, kuna lura da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin za ku ga cewa su ma suna da hannu a cikin maganar.

Karatu

Kafanchan gari ne da layin dogo ya raya. A 1927 aka gina tashar jirgin ƙasa a wurin, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya haura Jos. Daga nan ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa daga kudu da arewa, suka zauna tare da Fantswam da maƙwabtansu: Bajju, da Agworok na Kagoro, da Atyap na Zangon Kataf, da Ham na Kwoi, da Hausawa da Fulanin Jama'a, da sauran al'ummu masu yawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a wannan yanki a ga yaro ɗan shekara shida yana magana da harshe uku. A gida yana jin Jju ko Tyap ko Hyam, a kan layi da kasuwa yana jin Hausa, a makaranta kuma ga Turanci.

Ku da kuke fama da koyon Hausa a aji, ya kamata ku tambayi kanku: wa ya koya wa wannan yaro harsunan nan biyu na farko? Ba a saya masa littafi ba, ba a yi masa jarrabawa ba, bai ma san akwai wani abu wai shi nahawu ba.

Makarantarsa ta farko ita ce bayan uwarsa. Tun yana goye yake zuwa kasuwa da rafi da gona. Yana jin gaisuwa da amsarta, yana jin ciniki, yana jin faɗa da sulhu. Duk wanda ya gai da uwar sai ya leƙa bayanta ya yi masa wasa. In ya yi gwaranci, wani ya kwaikwaye shi. In ya yi dariya, a mayar masa da dariya. Ran da ya fara ƙoƙarin cewa "ruwa" ya ce "wuwa", sai yayarsa ta ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa. Sha ruwa." A cikin daƙiƙa biyar ya ji kalmar sau uku daga bakin da ya iya faɗarta, ya ga abin da take nufi, ya kuma gane cewa maganarsa tana da amfani, tun da ta kawo masa moɗa. Koyon magana ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Yaro ya jefo, babba ya cafe ya mayar masa, shi kuma ya sake jefowa.

Ko tatsuniya, wadda ake ɗauka mutum ɗaya ne ke yin ta, ba ta farawa sai an amsa. Mai bayarwa ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," sai ya jira. In yara ba su ce, "Ta zo mu ji ta" ba, Gizo da Ƙoƙi ba za su fito ba. Haka ma kacici-kacici. In kaka ta ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," dole wani ya yi tunani ya ce, "Tsintsiya."

Yanzu kuma ga waya. Wannan kalma ta daɗe a Hausa, amma ma'anarta ta yi tafiya. Da farko tana nufin siririn ƙarfen nan da ake ja a kan turaku domin aika saƙo, shi ya sa ake kiran ofishin aika wasiƙu gidan waya, sunan da kuka sani a matsayin sunan garin da Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take, kusa da Kafanchan. A 2001 aka fara amfani da wayar salula ta zamani a Nijeriya, kuma a lokacin sai mai hali ke iya sayen layi. Yau babbar waya mai nuna hoto da bidiyo tana hannun mai shago da mai tuƙa babur da mai suyar ƙosai. Ita ma kalmar allo ta sami sabon aiki: bayan allon almajiri da allon aji, ga allon waya da allon talabijin.

Ku duba da kyau a tashar mota, ko a layin ganin likita, ko a wurin biki, ko a cikin shagon ɗinki. Za ku ga yaron da bai kai shekara biyu ba zaune shiru, idonsa a kan allo, ɗan yatsansa ya riga ya iya ture hoto ya jawo wani. A wasu gidaje ba ya cin abinci sai an kunna masa katun, ana zuba masa a baki bai san abin da yake haɗiya ba. In caji ya ƙare ko data ta ƙare, gidan ya rikice.

Kafin ku yi saurin ɗora wa iyaye laifi, ku dubi halin da suke ciki. Matar da ke yankan citta da shanya ta lokacin kaka a Kachia ko Kwoi, wuƙa ce a hannunta tun safe har yamma, kuma ba ta son yaro ya matso kusa. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki tana bukatar barcin awa biyu. Da can gida babba ne, akwai kaka da gwaggo da 'yan'uwa rututu, har ake cewa ɗa na kowa ne. Yau iyali da yawa suna zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na haya, kaka tana ƙauye, yayye suna makaranta har la'asar. Ga kuma abin da duk mutumin kudancin Kaduna ya sani: a shekarun tashin hankali an sha sa dokar hana fita a ƙananan hukumomi irin su Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, kuma ko bayan an ɗage dokar, iyaye da yawa ba sa sakin jiki su bar yara su yi wasa a waje da dare. Dandalin da ake langa da ɓuya a farin wata ya yi shiru a wurare da dama. Uwar da ta kulle ɗanta a ɗaki ta ba shi waya, sau da yawa tsoro ne ya sa ta, kuma tsoronta yana da dalili.

Akwai wata hujja kuma da ta fi waɗannan ƙarfi a zuciyar iyaye. Sukan ce, "Ai karatu yake yi. Turanci yake koyo." Kuma lalle za ka ji yaron yana rera waƙar haruffa ko yana ƙirga ɗaya zuwa goma da irin muryar mutanen Amurka, uban yana murmushi yana kiran baƙi su zo su ji. Wannan hujja ta cancanci a amsa ta da ilimi.

A 2003 wata masaniya mai suna Patricia Kuhl, ta Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a Amurka, ta fitar da sakamakon wani bincike da ta yi tare da abokan aikinta. Sun ɗauki jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Kashi na farko aka riƙa kawo su suna zama da mutanen da harshensu na haihuwa shi ne Mandarin, babban harshen ƙasar Sin. Mutanen nan suna zama a ƙasa tare da jariran, suna nuna musu littafi da kayan wasa, suna yi musu magana da Mandarin. An yi zama 12, kowane zama minti 25, cikin kimanin mako huɗu. Wasu jariran kuma aka nuna musu irin wannan magana a allon talabijin, tsawon lokaci ɗaya. Wasu kuwa murya kawai aka kunna musu. Daga baya aka gwada ko jariran za su iya bambanta wasu sautuka biyu na Mandarin waɗanda babu irinsu a Turanci. Waɗanda suka zauna da mutane sun bambanta su, kusan kamar jariran da aka haifa a cikin harshen. Waɗanda suka kalli allo da waɗanda suka ji murya kuwa, ba su fi wanda bai taɓa jin Mandarin ba.

Ku tsaya a nan ku yi tunani, domin wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Jariri yana zuwa duniya da kunnen da zai iya bambanta sautukan harsuna iri-iri. Tsakanin wata shida da shekara ɗaya sai kunnen ya fara tsayawa a kan sautukan da mutanen da ke kewaye da shi suke yi masa, ya rage kula da sauran. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinku kuke shan wahala kafin ku ji bambancin kafa da ƙafa, ko daka da ɗaka, ko bata da ɓata, alhali ɗan Bahaushe mai shekara uku ba ya ruɗewa. Kada wannan ya karya muku gwiwa: shi ma Bahaushe haka yake tuntuɓe in aka ce ya furta "kp" ko "gb" na Tyap da Jju. Ana iya koyo bayan an girma, ga ku nan kuna yi, sai dai da gumi. Abin da jariri ke samu a ɓagas yana samunsa ne daga fuskar mutum mai kallonsa.

Me ya sa allo ya kasa? Domin allo yana magana amma ba ya saurare. In yaro ya nuna kaza a cikin katun ya ce "ka", katun ba zai tsaya ya ce, "I, kaza ce, ga 'yan tsakinta" ba. Zai wuce ne kawai zuwa hoto na gaba. Yaron da ya haura shekara biyu ko uku yana iya tsintar kalmomi da waƙoƙi daga shiri mai kyau, wannan gaskiya ne, musamman in akwai babba a gefensa yana yi masa bayani. Amma haddar ɗaya zuwa goma daban, iya cewa "Mama, cikina yana ciwo" daban. A shekarun da na yi ina koyar da harshe, ban taɓa ganin ɗalibin da ya iya Hausa ta hanyar sauraren rediyo kaɗai ba. Waɗanda bakinsu ya fi saurin buɗewa su ne masu zuwa sayen tumatir su yi kuskure, mai tumatir ta yi dariya ta gyara musu.

Wata asarar kuma ita ce ta maganar da ba a yi ba. A 2024 masu bincike a ƙasar Ostireliya suka ba da rahoto a kan iyalai 220. Sun sa wa yara wata ƙaramar na'ura mai ɗaukar sauti a jiki, wadda ke ƙirga kalmomin da ake faɗa a kusa da su a gida. Sun gano cewa duk lokacin da kallon allo ya ƙaru, maganar manya da ta yaro da musayar magana tsakaninsu suna raguwa. A lissafinsu, ɗan shekara uku mai kallon kusan awa uku a rana yana iya rasa jin kalmomi sama da 1,000 daga bakin manya a kowace rana. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu da ke tafiya tare ne, bai ce duk yaron da ya kalli waya zai makara wajen magana ba. Yara sun bambanta, gidaje ma haka. Amma awa ashirin da huɗu ce a rana, kuma ƙaramin yaro yana barcin kusan rabinta. Abin da allo ya ci daga sauran, daga rabon hira da wasa ya ci.

Saboda irin waɗannan dalilai, a watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban allo. Daga shekara biyu zuwa huɗu kada kallon ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ta ce yaron da ya kai shekara ɗaya yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kuma in zai zauna, gara a zauna da shi ana ba shi labari ko ana karanta masa littafi.

Wani lokaci kuma wayar ba a hannun yaro take ba, a hannun babba take. Uwa tana shayarwa tana duba WhatsApp, uba ya ɗora ɗa a cinya yana kallon ƙwallo. A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da ya shahara. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta tsayar da fuskarta, ba murmushi ba magana, na ɗan gajeren lokaci. Jaririn yakan yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara domin ya dawo da ita. In abin ya faskara sai ya kau da kai, ya shiga damuwa, sau da yawa ya fashe da kuka. Ku dubi fuskar mutumin da ya nutsa cikin waya, ku gaya mini ko ta bambanta da wannan.

Ba a ce a jefa waya a rijiya ba. Uban da ke aiki a Abuja ko Legas, in ya kira ta bidiyo ya ga ɗansa ya kira sunansa, yaron ya amsa, shi ma ya amsa, wannan hira ce ta gaske, kuma likitocin yara ba sa haɗa ta da kallon katun. Ma'aunin ɗaya ne: in yaron ya yi magana, akwai mai ji ya mayar masa?

A yanki irin namu akwai abin da ya fi saurin salwanta. Turanci yana jiran yaro a makaranta, ko an so ko an ƙi. Hausa tana jiransa a kan layi da kasuwa. Amma Jju da Tyap da Hyam da 'yan'uwansu ƙofa ɗaya gare su, wato bakin mutanen gida, kuma da wuya a sami katun da ɗaya daga cikinsu. In awannin da ya kamata yaro ya yi yana jin harshen iyayensa sun tafi ga allo, ba wata makaranta da za ta biya shi. Sai ran da aka je gida Kirsimeti ko Salla, ko bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko Tuk Ham a Kwoi, kaka ta rungumi jikanta ta gaishe shi, ya tsaya yana kallon bakinta kamar baƙo, sai an nemo tafinta a tsakaninsu. Ita ce mai tatsuniyoyin gidan, da sunayen kakanni, da sunan kowane ganye da ake miya da shi.

To ina ruwanku, ku da ba ku haihu ba? Ruwanku ne, domin a gidaje da yawa ku ne masu reno. In kun dawo daga makaranta ku ake miƙa wa ƙane ko ƙanwa, kuma sau da yawa hannunku ne ke miƙa wayar, don ku ma ku sami sarari. Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi, ba ya ma hana aiki. In kuna wanke-wanke, ku ba shi cokali ɗaya da ɗan ruwa, ku gaya masa sunan kowane abu. In an aike ku, ku tafi da shi, ku nuna masa akuya da keke da mai rake. Ku yi masa magana da harshen da kuka fi iyawa, ko da bai kai amsawa ba, kuma in ya yi gwaranci ku amsa kamar kun gane. In ya zama dole ya kalli wani abu, ku zauna tare, ku tsayar da hoton lokaci-lokaci ku tambaye shi, "Wane ne wannan? Me yake yi?" Lokacin cin abinci da lokacin kwanciya kuwa a ajiye waya gaba ɗaya. Yaron da ya saba zai yi rigima a kwanakin farko, har maƙwabta su leƙo. Ku shirya wa wannan tun kafin ku fara, ku kuma sanar da iyayenku abin da kuke ƙoƙarin yi, domin kada kuna janyewa wani yana miƙawa.

Hira

Ku karanta wannan hira biyu-biyu. Wata tsohuwa ce ta zo daga ƙauye ta sauka gidan ɗanta a Kafanchan, tana magana da matarsa da yamma.

Kaka: 'Yata, sannu da dawowa. Yaya kasuwa?
Uwa: Yauwa Mama, kasuwa da godiya. Sannu da gida. Yaya ƙafar taki?
Kaka: Da sauƙi. Ina maigidan nawa? Tun azahar ban ji muryarsa ba.
Uwa: Yana ɗaki yana kallon katun. In ba haka ba, ba zai bar ni in ɗora tukunya ba.
Kaka: Ɗazu na gaishe shi da yarenmu, ko kai bai ɗaga ba.
Uwa: Ai Mama, Turanci yake koyo. Har goma yake ƙirgawa.
Kaka: Madalla. In yana jin ƙishirwa, yakan faɗa?
Uwa: A'a, sai dai ya ja zanena zuwa wurin randa, ko ya yi kuka.
Kaka: To ɗauko mini shi. Ki haɗo da waken nan mu tsince tare, ke kuma ki yi girkinki.
Uwa: Zai yi kuka fa, Mama.
Kaka: Kukan yaro ba baƙona ba ne. Na sha na ubansa.

Ku lura cewa kaka ta kira jikanta "maigida". Wannan wasa ne da ke tsakanin kakanni da jikoki. Kaka mace takan kira jikanta namiji mijinta, kaka namiji kuma yakan kira jikarsa amaryarsa.

Ma'anar wasu kalmomi

reno: kula da ƙaramin yaro, ciyar da shi da tsare shi da yi masa wasa.
goyo: ɗaure yaro a baya da zane. Ana cewa uwa ta goya yaro, yaro yana goye.
gwaranci: sautin da jariri ke yi kafin ya iya magana sosai.
moɗa: ƙaramin abin ɗiban ruwa daga randa domin sha.
manda: wani irin baƙin gishiri. "Ba ni gishiri in ba ka manda" na nufin kowa ya ba ɗan'uwansa wani abu.
cafe: kama abin da aka jefo kafin ya faɗi.
dandali: filin da yara da matasa ke taruwa su yi wasa.
a ɓagas: kyauta, ba tare da wahala ba.
faskara: gagara, ƙin yiwuwa.
salwanta: ɓacewa, asara.
tafinta: mai fassara magana tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna.
yare: a maganar yau da kullum mutane kan ce "yarenmu" suna nufin harshen iyayensu. A rubutunku ku yi amfani da "harshe", domin Jju da Tyap harsuna ne cikakku kamar Hausa da Turanci.

Nahawu

(a) Lokaci sabau. Idan abu yana faruwa a kai a kai har ya zama al'ada, muna amfani da "kan" haɗe da wakilin suna: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali: Sukan ce karatu yake yi. Jariri yakan miƙa hannu. Wajen korewa sai mu ce: Ba yakan faɗa ba.

A nan ɗalibai kan faɗi a jarrabawa, don haka ku kula. "Akan" a haɗe lokaci sabau ne: Akan ba yara waya a tashar mota. "A kan" a rabe yana nuna wuri ko batu: Wayar tana a kan tebur. Mun yi magana a kan reno. Haka kuma "kukan" na cikin "Kukan je kasuwa?" daban yake da na cikin "kukan yaro". Rubutu ɗaya ne, jimla ce ke raba su.

(b) Jinsi. Waya mace ce, allo namiji ne. Saboda haka muna cewa wayar Mama, wayata, wayar ta lalace. Amma allon waya, allona, allon ya fashe. A Hausar da ake yi a kasuwannin kudancin Kaduna za ku ji ana cewa "wayan Mama" ko "Mama ya zo", kuma kowa yana ganewa. A daidaitacciyar Hausa, wadda da ita za ku rubuta jarrabawa, sai ku ce wayar Mama, Mama ta zo.

Tambayoyi

1. Me ya sa yaran Kafanchan kan tashi da harshe fiye da ɗaya?
2. Yayar yaro ta faɗi kalmar "ruwa" sau uku. Waɗanne abubuwa yaron ya koya daga wannan?
3. Kawo dalilai uku da ke sa iyaye su ba ƙananan yara waya. Wanne ne ka fi gani a unguwarku?
4. Bayyana binciken Patricia Kuhl da kalmominka, cikin jimla biyar.
5. Mene ne bambancin kallon katun da kiran bidiyo ga ƙaramin yaro?
6. Marubucin ya ce harsuna irin su Jju da Hyam "ƙofa ɗaya gare su". Me yake nufi? Ka yarda da shi?
7. Cike gurbi da "akan" ko "a kan": (i) ______ shanya citta lokacin kaka. (ii) Yaro ya zauna ______ tabarma. (iii) Da can ______ yi tatsuniya da dare.
8. Gyara waɗannan jimloli: (i) Kakana ya goya ƙanwana a bayanta. (ii) Wayan ya faɗi a ruwa.
9. Furta waɗannan kalmomi a gaban abokin zamanka, shi kuma ya rubuta abin da ya ji: kafa, ƙafa, daka, ɗaka, bata, ɓata, kara, ƙara.

Aikin gida

Ka zaɓi yaro ɗaya da bai wuce shekara huɗu ba, a gidanku ko a maƙwabta, ka nemi izinin iyayensa. Wata rana da yamma ka lura da shi na awa ɗaya, ka rubuta sau nawa ya yi magana ko gwaranci, sau nawa aka amsa masa, da kuma wanda ya amsa. Kada ka rubuta sunansa ko na iyayensa. Bayan haka ka je wurin wani dattijo ko wata dattijuwa ka roƙi kacici-kacici biyu da harshenku. Ka rubuta su yadda aka faɗa maka, ka fassara su da Hausa, ka gwada su a kan ƙannenka, sannan ka zo da su aji mako mai zuwa tare da amsoshin da suka ba ka.